“Ba Wuta”: Matakan Gano Matsalar Tartsatsin Fulogi a Tsofaffin Motoci da Kalmomin da Kanikawa Ke Amfani da Su

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda tsohuwar mota mai amfani da kwantak ke samar da tartsatsin da ke kunna fetur, da matakan da bakanike ke bi wajen gano inda ya yanke. An ɗauki Peugeot 504 a matsayin misali. Maƙalar ta nuna cewa kalmar “wuta” tana ɗauke da ma’anoni uku a gareji, kuma rarrabe su shi ne ginshiƙin binciken.

1.0 Gabatarwa

An fara ƙera Peugeot 504 a Faransa a 1968, sannan kamfanin PAN da ke Kaduna, wanda ya soma aiki a 1975, ya shafe shekaru yana harhaɗa ta. A kan wannan mota da Hausawa ke kira Fijo, da yayarta 404, kanikawa da dama a ƙasar Hausa suka koyi sana’a. Tsarin kunna injin da ke cikinsu ya samo asali ne daga aikin Charles Kettering na Amurka, wanda aka fara sa wa motocin Cadillac a wajen 1910. Motocin yau kuwa kwamfuta ce ke sarrafa tartsatsinsu. Saboda haka, yaran gareji da yawa kan gama koyon aiki ba su taɓa saita kwantak ba, kuma kalmomin da ke tattare da aikin suna shirin bin sa su ɓace.

2.0 Yadda Ake Samun Tartsatsi

Batirin mota yana ba da bolt 12 ne kacal, alhali kuwa tartsatsi ba ya tsallake bakin fulogi cikin matsin silinda sai da bolt dubbai. Kwayil ne ke cike wannan giɓi. A cikinsa akwai naɗin waya biyu: na farko mai kauri ne, zagayensa kaɗan, na biyu kuma siriri ne mai zagaye dubbai. Idan bakin kwantak yana rufe, lantarki yana ratsa naɗin farko ya haifar da maganaɗisu. Da zarar bakin ya buɗe, maganaɗisun ya rushe nan take, rushewar kuma ita ce ke haifar da bolt 15,000 zuwa sama a naɗi na biyu. Aikin kwandansa shi ne ta shanye lantarkin da zai yi tsalle a bakin kwantak, domin yankewar ta zo da sauri kuma bakin kada ya ƙone.

Daga kwayil, babbar waya tana kai wutar tsakiyar murfin distiributa, rota kuma ta rarraba ta ga fulogi huɗu bisa tsarin 1-3-4-2. Distiributa tana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na injin.

A nan ne ma’anonin “wuta” uku suke fitowa: akwai ƙaramar wuta da ke tasowa daga batir zuwa kwantak, akwai babbar wuta daga kwayil zuwa fulogi, akwai kuma ƙonewar fetur a cikin silinda. Idan direba ya ce “ba wuta”, bai fayyace wacce yake nufi ba. Aikin bakanike shi ne ya fayyace.

3.0 Matakan Bincike

3.1 Batir

Ana farawa da batir ne saboda komai a kansa ya dogara. Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6 a mita. Idan ya yi rauni, sitata takan janye ɗan abin da ya rage, kwayil ya rasa rabonsa, injin ya riƙa juyawa da nauyi ba tare da ya tashi ba. Wannan ne dalilin da ya sa irin wannan mota kan tashi idan an tura ta. Haka kuma kawunan batir da suka yi tsatsa ko suka kwance suna kawo alamu iri ɗaya.

3.2 Gwajin da Ke Raba Hanya Biyu

Bayan batir, sai a zare babbar waya daga tsakiyar murfin distiributa, a riƙe ta da filaya mai roba, a kusantar da bakinta ga ƙarfen injin da tazarar milimita 6 ko makamancin haka, nesa da kafireta, wani kuma ya murɗa makulli. Shuɗin tartsatsi mai ƙara yana nuna cewa batir da kwantak da kwayil duk lafiya suke, don haka laifin yana gaba. Idan tartsatsin ja ne mai rauni, ko babu shi sam, laifin yana baya. Wannan gwaji guda yana rage rabin wahala.

3.3 Idan Laifin Yana Gaba

Abubuwa huɗu ake dubawa: murfi, rota, wayoyi da fulogi. Ƙurar hunturu da ta taru cikin murfi, idan raɓa ko danshin damina ya same ta, takan buɗe wa babbar wuta gajeriyar hanya, har ta bar baƙin layi siriri kamar zanen fensir. Murfin da ya yi haka sai canji. Ana kuma duba ɗan gawayin da ke tsakiyar murfin, wanda ke taɓa rota. Fulogi kuwa launinsa yana ba da labari: ruwan ƙasa alamar lafiya ce, baƙi busasshe yana nuna fetur ya yi yawa, baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai yana hawa silinda, fari fes kuma alamar zafi ya wuce kima. Tazarar bakinsa ta dace ta kasance wajen milimita 0.6.

3.4 Idan Laifin Yana Baya

A nan ƙaramin ƙwan gwaji mai waya biyu ya wadatar. Da farko a tabbatar wuta tana isa kwayil idan an buɗe makulli. Sannan a jona ƙwan tsakanin ƙarfen injin da kan kwayil da ke tafiya distiributa, a murɗa injin. Idan komai daidai yake, ƙwan zai riƙa kamawa yana mutuwa, domin yana haske idan kwantak ya buɗe, ya mutu idan ya rufe. Idan ya tsaya a kunne, to kwantak ba ya rufewa, ko bakinsa ya yi datti, ko wayarsa ta tsinke. Idan ya ƙi kamawa, to ko dai kwantak ba ya buɗewa saboda dundumin da ke ɗaga shi ya cinye, ko kwandansa ta haɗe da ƙarfe, ko naɗin farko na kwayil ya yanke. Ana goge bakin kwantak, a saita tazararsa a milimita 0.4. Bakin da ya ƙone ya yi ramuka cikin ɗan lokaci yana tuhumar kwandansa ne.

3.5 Matsalar Zafi da ta Lokaci

Akwai motar da ke tashi lafiya da safe, ta mutu bayan ta ɗauki zafi, sannan ta sake tashi idan ta huce. Sau da yawa kwayil ko kwandansa ne suka fara gajiya. Akwai kuma wadda tartsatsinta ke da ƙarfi amma ba ya zuwa a kan kari, sai ta riƙa tari ta kafireta ko harbi ta salansa. Wannan matsalar taimin ce, ko kuma an sauya wa wayoyin fulogi gurbi. Tunda sauya tazarar kwantak yana sauya taimin, kwantak ake fara saitawa kafin a juya distiributa.

4.0 Abin Lura ta Fuskar Harshe

Sunayen sassan kusan duk aro ne daga Ingilishi, an kuma daidaita su da tsarin sautin Hausa. Sautin /p/ ya koma /f/ a fulogi, fistin da filaya. An kuma saƙa wasali domin raba baƙaƙen da suka haɗu, kamar a sufana da sitata. Amma bayanin halin da motar ke ciki da Hausa tsantsa ake yin sa, ta hanyar aron siffofin mai rai: mota tana tashi, tana mutuwa, tana tari, tana shan mai, fulogi da kwantak kuma suna da baki. Wato suna ake arowa, aikatau kuwa na gida ne.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gano matsalar tartsatsi bin sawu ne daki-daki, daga batir zuwa fulogi, kuma kowane gwaji yana kawar da wani zato kafin a sayi sabon kaya. Mai tsallake matakan yakan canja kwayil mai lafiya alhali dattin kwantak ne ya hana motar tashi. Tsofaffin kanikawan da suka san wannan aiki suna raguwa, don haka ya kamata masu nazarin Hausa su shiga gareji-gareji a Kano, Kaduna, Zariya da Maraɗi, su taskace kalmomin da yadda ake sarrafa su tun masu su suna raye.