Filin Manoma: Mitar Da Ta Ɗaure Manoma Ga Kamfani Guda

Jama'a, kowa ya san manomin da ya ci kuɗin ɗan kasuwa da damina, da kaka ba shi da zaɓin mai saye. A wannan mako za mu ba ku labarin wani ɗauri mai kama da wannan, wanda ya sami manoman arewacin Sikotlan, a ƙasar Birtaniya. Su ba bashi suka ci ba, mitar lantarki ce ta ɗaure su.

Ƙasar tasu ta duwatsu ce da tsibirai, kiwon tumaki da shanu shi ne babban aikinsu, sanyi kuwa ba a magana. A shekarar 1943 aka kafa hukumar da ta datse ruwayen duwatsun nan, ta ja waya har zuwa gidajen gona. Amma bututun gas, wanda mutanen birane ke ɗumama ɗaki da shi, bai kai wurare da yawa ba, tsibiran Orkney da Shetland ma ba su da shi sam. Saboda haka gidaje da yawa da lantarki su ke jin ɗumi.

Ga yadda abin ya ke. A kan kafa wani akwatin ƙarfe cike da tubali a jikin bango. Da dare, sa'ad da masana'antu suka tashi, wuta ta yi yawa ba mai bukata, sai ta gasa tubalin nan, da rana kuma shi ya riƙa sakin ɗumi sannu sannu. Don a jawo mutane ga wannan dabara sai aka rage kuɗin wutar dare. A 1978 aka fito da tsarin da a ke kira Economy 7, watau awa bakwai na araha kowane dare. A arewacin Sikotlan kuwa aka yi wani tsari dabam. Gida ɗaya mita biyu da waya biyu: ɗaya ta ɗumi da ruwan zafi, mai araha, ɗaya ta fitila da sauran kaya, mai tsada. Kuma ba maigida ke kunna akwatin ba. Wata alama ce a ke aikowa ta iska a kan tashar rediyon BBC, mita ta ji, ta buɗe ko ta rufe.

To, daga 1998 zuwa 1999 aka buɗe kasuwar lantarki ta Birtaniya. Waya tana nan yadda ta ke, amma kowane maigida yana da ikon zaɓen kamfanin da zai sayar masa da wuta, in wani ya fi araha ya koma can. Masu mita irin ta kowa suka yi ta canji. Masu mita biyu kuwa suka tarar ƙofa a rufe ta ke. Yawancin kamfanoni ba su da farashin da ya dace da irin mitarsu. In maigida ya matsa, sai a ce ya fara cire ta tukuna, wani lokaci har da sāke wayar gida, da kuɗin aljihunsa. Ko gwada farashin wannan da na wancan ma ya gagara, domin lissafin ba iri ɗaya ba ne. Sai akasarinsu suka zauna wurin kamfaninsu na fari, shi kuwa ya san ba inda za su.

A 2016 hukumar da ke kula da gasar ciniki ta ƙasar ta gama bincike, ta ce mita wajen 700,000 ke cikin wannan hali, ban da na Economy 7. Ta yi doka cewa tun daga watan Satumba 2017, duk kamfanin da ke da masu saye fiye da 50,000 lalle ne ya yarda ya sayar wa irin mutanen nan wuta a kan farashi guda, dare da rana, ba tare da ya tilasta musu canja mita ba.

Kada ku ce shi ke nan an huta. Wanda ya koma farashi guda ya rabu da arahar ɗumi ke nan. Bari mu yi misali, lambobin na kwatanci ne kawai, fam ɗaya kuwa kwabo 100 ne. A ce wutar ɗumi kwabo 20 ce kowane yunit, ta fitila kwabo 30, farashi guda kuma kwabo 26. Gidan da ke shan yunit 7,000 na ɗumi da 3,000 na fitila a shekara yana biyan fam 1,400 da fam 900, watau fam 2,300. In ya koma farashi guda zai biya fam 2,600, ya yi hasarar fam 300. Amma gidan da ke hura itace, ɗuminsa na lantarki yunit 1,000 ne kaɗai, na fitila 3,000, yana biyan fam 1,100. Shi in ya canja zai biya fam 1,040, ya sami rarar fam 60. Kun gani, shawarar da ta amfani wani ita ce ta cuci maƙwabcinsa. Sai kowa ya ɗauko takardun biyansa na shekara guda cur, ya zauna da alƙalami.

Har wa yau ga wata matsala. Injunan rediyon da ke aiko alamar nan sun tsufa, saboda haka a ranar 30 ga Yuni 2025 aka soma kashe ta, shiyya shiyya. Mitar da ta daina jin alama tana iya barin akwati a kunne kullum, ko a kashe kullum, ko ta lissafa wutar araha a kan farashin tsada. Maganin shi ne a sa sabuwar mita ta zamani, kamfani kuwa shi ke sa ta, ba a karɓar kuɗin maigida.

Mu nan Nijeriya, tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya a 2013, kowa da yankinsa. Na Kano shi ke riƙe da Kano da Katsina da Jigawa, maigida ba ya zaɓen wanda zai ja masa waya. Amma akwai inda zaɓi ke hannunku. Mai injin niƙa, da mai lambun da ke son famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, da mai kantin da ke son firji, duka ana kawo musu kaya a kan biya kaɗan kaɗan. Wadansu kayan nan da makulli a cikinsu, in ba a biya ba sai su tsaya cik, ko da tumatir na tsakiyar fure.

Saboda haka kafin ku sa hannu ku yi tambaya huɗu. Kayan nan na wane ne bayan an gama biya? In na ga wanda ya fi araha, ina da ikon komawa wurinsa? Nawa zan biya in na ce a cire? In ya lalace, kowane makaniki na iya gyara shi, ko kuwa sai na kamfanin? Wanda bai iya karatu ba ya sami akawu ko malamin gona na gundumarsa ya karanta masa takardar tun daga farko har ƙarshe. Mai tambaya ba ya ɓata.

Malamin Gona