Bibiyar Bunƙasar Kafa Farantan Sola Ƙarƙashin Tallafin Makamashi: Darasi Daga Jamus

Gabatarwa

Wannan maƙala ta duba yadda ake bibiyar yawan farantan sola da ake kafawa a ƙarƙashin tsarin tallafi, inda ta ɗauki Jamus a matsayin misali. Manufarta ita ce nuna cewa alƙaluman da ake tattarawa suna bin jadawalin tallafin sau da ƙafa, don haka fassara su na buƙatar lura.

Tsarin Tallafin

Dokar makamashi mai sabuntuwa ta Jamus ta fara aiki a watan Afrilun 2000. Ta wajabta wa kamfanonin rarraba lantarki sayen wutar da mai faranti ya samar, a kan tsayayyen farashi na tsawon shekara 20. A farko, farashin ya kai kimanin senti 50 na Yuro a kan kowane kilowat na awa guda. Masu amfani da lantarki ne suka riƙa biyan kuɗin ta hanyar ƙari a takardar kuɗin wuta, ƙarin da ya kai senti 6.88 a 2017, kafin a daina karɓarsa a watan Yulin 2022.

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Hukumar Bundesnetzagentur ce ke yi wa sababbin farantai rajista. Daga 2010 zuwa 2012, an riƙa kafa sama da gigawat 7 a kowace shekara. A watan Disamban 2011 kaɗai an yi rajistar kimanin gigawat 3, domin jama'a sun yi rige-rigen kammala aiki kafin ragin kashi 15 cikin ɗari da ya fara a Janairun 2012. Wanda ya dubi wannan wata shi kaɗai zai zaci kasuwa ce ta tumbatsa, alhali wa'adi ne ya kora mutane.

A 2012 aka koma rage farashin wata-wata, kuma a wancan lokacin girman ragin ya dogara da adadin da aka yi wa rajista a watannin baya. Ke nan rajistar da kanta ta shiga cikin abin da ke yanke farashi. Zuwa 2015, abin da ake kafawa a shekara ya faɗo zuwa kimanin gigawat 1.5. A tsakanin waɗannan shekaru, masana'antun cikin gida sun sha gasa mai zafi daga farantan Sin masu rahusa, har kamfanin Q-Cells ya durƙushe a 2012.

Abin Lura ga Mai Nazari

Abin da rajista ke ƙidayawa shi ne iyakar ƙarfin faranti. Wutar da ya samar kuwa ta dogara da hasken rana: a Jamus, kilowat ɗaya na faranti yana ba da kusan kilowat 1,000 na awa a shekara. Haka kuma, jinkirin yin rajista kan sa a sake gyara alƙaluman watannin da suka wuce.

Kammalawa

Jamus ta ƙuduri kai wa gigawat 215 nan da 2030. Auna tafiyar zuwa wannan mataki na buƙatar a jera alƙaluman rajista tare da ranakun sauya farashi da kuma ainihin wutar da aka samar.