Wasannin Kalmomi da Koyar da Ma'ana a Darasin Ingilishi: Duba ga Makarantun Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba matsayin wasannin kalmomi wajen koya wa ɗan Bahaushe Ingilishi, musamman a makarantun Birnin Tsaba da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, inda yaro ba ya jin wannan harshe sai a cikin aji. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wasannin nan iri biyu ne, wato mai auna siffar kalma da mai auna ma'anarta, kuma malamin da ya kasa rarrabe su yana iya yaye ɗalibai masu tarin kalmomi a ka, alhali ba su san inda za su ajiye ko ɗaya ba.

2.0 Ire-iren Wasannin

Na farko shi ne Scrabble, wanda Alfred Butts ya ƙago a Amurka a 1938, aka kuma raɗa masa wannan suna a 1948. Ana buga shi da ƙwayoyi 100 a kan allo mai gidaje 225. Kowane harafi da makinsa: harafin E, da yake ya fi yawa a harshen, maki 1 gare shi, Q da Z kuwa maki 10 kowanne. Sharaɗin wasan shi ne kalma ta kasance cikin ƙamus. Ba a tambayar ɗan wasa abin da take nufi. Shekarar 2015 ta ba mu misalai biyu. A cikinta ne Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi haka, abin da ya ɗaga sunan Nijeriya. A cikinta ne kuma Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Faransanci ba tare da yana jin Faransanci ba; haddace jerin kalmomin ya yi kurum.

Na biyu shi ne wasan cike gurabe, wanda Arthur Wynne ya fara bugawa a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. A nan ana ba mutum bayani da adadin haruffa, shi kuma ya nemo kalmar. Hadda ba ta fid da mutum a wannan wasa, sai sanin ma'ana.

3.0 Abin da Yaro Ya Zo da Shi daga Gida

Bahaushe yana da nasa kwatankwacin waɗannan. Zaurance wasa ne da siffar kalma, domin gaɓoɓi ake juyawa ko a cusa wasu a tsakaninsu. Kacici-kacici kuwa wasa ne da ma'ana: a siffanta abu a kaikaice, mai sauraro ya gano sunansa. Ashe ke nan yaron da ya yi hirar dare a dandali ya riga ya san dabarar cike gurabe tun kafin ya ga allo.

Haka kuma ya zo da kalmomin aro. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, kalmomi irin su tasha da tikiti da layi da direba suka zama na yau da kullum a wannan yanki. Waɗannan dukiya ce, amma akwai tarko uku a cikinsu.

Na ɗaya, ma'ana takan ƙuntata. Yaro ya san banki wurin ajiyar kuɗi ne, to amma idan aka ce ya kawo kalma mai haruffa 4 da ke nufin gefen kogi, ba zai kawo "bank" a ransa ba, ko da kuwa a gaɓar gulbin Gagare ya tashi. Haka "corner": a Hausa kwana ta hanya ce, a Ingilishi har da kusurwar ɗaki.

Na biyu, Hausa ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe ba, sai ta raba su da wasali, kamar yadda "bread" ta koma burodi. Yaron da ya bi kunnensa zai ƙara haruffa, gurabe su ƙare kalma ba ta ƙare ba.

Na uku, Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/, ga shi kuma a karin harshen wannan yanki tafi takan zama tahi, faɗi ta zama hwaɗi. Saboda haka "pan" da "fan" sukan zame wa yaro abu guda, alhali ɗaya tukunya ce, ɗaya fanka.

4.0 Shawarwari

A ganinmu, malami ya fara da wasan ma'ana. Ya tsara nasa guraben a kan allo, bayanin da Hausa, amsar da Ingilishi, yana ɗauko kalmomi daga kasuwa da gona da tasha. Idan ɗalibai suka saba, sai a mai da bayanin Ingilishi mai sauƙi. In an zo ga Scrabble, wanda ana iya yanka ƙwayoyinsa daga kwali, a ƙara doka guda: ba a ba ɗalibi maki sai ya sa kalmarsa cikin jimla, a kuma ninka masa idan ya kawo ma'ana ta biyu. Alƙalin gardama ya zama ƙamus mai harshe biyu, irin na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa ana iya cin gasar kalmomi da hadda kawai, amma jarrabawar fahimta da rubutun insha'i ma'ana suke nema. Don haka muna kira ga kwalejojin ilimi da su sa tsara irin waɗannan wasanni cikin darasin dabarun koyarwa, kowane ɗalibi malami ya tsara aƙalla guda ya gwada shi a aji kafin ya gama gwajin koyarwarsa.