Arlit: Yadda masu ɓaure a gida ke tseren kwana uku da tsuntsaye

A garin Arlit da ke jihar Agadez, bishiya ba ta fitowa don kanta. Ruwan sama kaɗan ne, wata shekarar ma da ƙyar ƙasa ke jiƙewa. Garin ya kafu ne a 1969 saboda ma'adinin yuraniyom, kuma ruwan da ake sha daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, tsohon ruwa da damina ba ta mayar da gurbinsa. Don haka duk ɓauren da aka gani a tsakar gida, akwai wanda ya shekara yana ɗawainiyar ban ruwansa da bokiti.

Ba ɓauren daji ake nufi ba, wanda aka sani a ƙasar Hausa. Wannan shi ne na shukawa, wanda Larabawa ke kira tin, irin da ake samu a garaken duwatsun Abzin tare da dabino, lemo da rumman. Reshe guda ake yankowa a dasa, ya kama. Yana jure zafi, sai dai yana da rauni guda da tsuntsaye suka daɗe da ganewa.

Ana iya tsinke mangwaro ko ayaba da ɗanyensu, a ajiye su nuna a ɗaka. Ɓaure ba ya yarda da haka. In aka cire shi kafin lokaci zai yi laushi, amma zaƙinsa ba zai ƙaru ba. Dole a bar shi a kan reshe har wuyansa ya lanƙwashe, fatarsa ta fara tsagewa, wani lokaci har ɗigon zuma ya fito a gindinsa. Wannan yana faruwa ne cikin kwana biyu zuwa uku na ƙarshe, kuma a daidai nan ne gwara da tsuntsun nan mai baƙin kai da ake kira bulbul ke sauka. Sau da yawa ba sa cinye ɗa guda. Su tsaga wannan, su koma wancan, tururuwa da ƙudaje su ƙarasa aikin kafin azahar.

A gari irin Arlit ɓarnar ta fi tsanani, saboda a tsakiyar hamada bishiya mai 'ya'ya abinci ce kuma ruwa ce ga tsuntsu. Shi ya sa wasu ke ajiye kwanon ruwa nesa da bishiyar, don ƙishirwa ta kai tsuntsun can. Dabarar na iya rage ɓarna, tana kuma iya ƙara gayyato baƙi.

Abin da aka fi saurin yi shi ne tsoratarwa: a rataya tsofaffin faya-fayan CD, zaren kaset, gwangwanaye, ko a kafa mutum-mutumi da tsohuwar riga. Suna aiki na 'yan kwanaki. Da zarar tsuntsu ya lura abin ba ya cizo, sai ya sauka a kansa ma ya huta. Mai son ci gaba da wannan hanya sai ya riƙa sauya musu wuri kusan kullum, kuma kada ya rataye su tun 'ya'yan na kore, domin kafin su nuna an riga an saba.

Abin da ke tsare ɓaure da gaske shi ne shamaki. Raga ko tsohon gidan sauro, amma akwai yadda ake sa shi. Ba a jefa shi kan bishiya kawai, don tsuntsu zai tsaya a kai ya caki duk ɗan da ya taɓa ragar. Ana kafa sanduna huɗu, a ja ragar ta miƙe, a bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninta da 'ya'yan, sannan a ɗaure ta a gindin bishiya ko a danne bakinta da duwatsu. Ragar da ta yi sako-sako tarko ce, tana kama tsuntsu da ƙadangare su mutu a ciki. Gidan sauro mai magani kuwa ba na abinci ba ne. Wanda aka raba don zazzaɓin cizon sauro, wurinsa kan gadon yara.

In bishiyar ƙarama ce, ana ɗinka 'yan jakunkuna da yadi mai shara-shara, a sa wa kowane ɗa tasa da zarar ya fara sauya launi. Leda ba ta yi. A zafin da ke haura digiri 40, dafa shi za ta yi a kan reshe. Sai kuma sassabe: bishiyar da aka hana wuce tsayin mutum ta fi sauƙin rufewa. A kula da farin ƙaron da ke fita daga ganye da ɗanyen ɗa, yana ƙona fata, musamman a cikin rana.

Akwai abin da raga ba ta tarewa, wato ƙura. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit, da CRIIRAD ta Faransa, da Greenpeace a rahotonta na 2010, sun sha kokawa kan gurɓatar iska da ruwa a kewayen mahaƙun. Kamfanin COMINAK na Akokan ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tsibin sharar ma'adinai da ɗaruruwan ma'aikata babu aiki. SOMAÏR, da ya fara haƙa a 1971, gwamnatin Nijar ta mayar da shi mallakin ƙasa a Yunin 2025 bayan takun saƙa da Orano. Wankin ɓaure kafin ci ba zai warware wannan matsala ba, amma ba a tsallake shi.

A gidan da albashi ya yanke, kwanon ɓaure ba abin wasa ba ne: yara su ci, a kai wa maƙwabta, in ya yi yawa a shanya a ƙarƙashin yadi don ajiya. Ɗan gida da ke Yamai, Kano ko Tamanrasset, in yana neman tsarabar da za ta yi amfani, 'yan mitocin raga mai ƙananan idanu sun isa bishiya guda, kuma in ana naɗe ta a ɓoye daga rana bayan kaka, za ta sake aiki baɗi. Sauran kuma sammako ne. Tsuntsu na fara kiwo da wayewar gari, don haka mai bishiya na zagayarta bayan sallar asuba, ya taɓa kowane ɗa, ya cire waɗanda suka yi laushi cikin dare.