Hare Krishna da Maganar Raba Mutane Gida Huɗu

A watan Maris na 1974, a garin Vrindavan da ke arewacin Indiya, wani dattijo mai shekara 77 ya riƙa fita tattakin asuba da almajiransa, yawancinsu samarin Amurka da Turai masu askakken kai, yana yi musu wata magana da har gobe ba ta daina raba kan ƙungiyarsa ba. Shi ne Bhaktivedanta Swami Prabhupada, wanda ya kafa ƙungiyar ISKCON a birnin New York a 1966, wadda aka fi sani da Hare Krishna. Abin da ya nema shi ne a buɗe makarantun koyar da varnashrama, tsohon tsarin zamantakewar Hindu. Ya rasu a watan Nuwamba na 1977 ba a yi ba. Tun daga lokacin wasu ke cewa wasiyya ce da aka ƙi cikawa, wasu kuma na cewa gara da ba a cika ta ba.

Tsarin yana da fuska biyu. Ɗaya ta raba rayuwar mutum zuwa zango huɗu: ɗalibta, zaman aure, ja da baya daga hidimar duniya, sai barin duniyar kwata-kwata. Wannan ba a cika jayayya a kansa ba. Rigimar tana ɗaya fuskar, wadda ta kasa al'umma gida huɗu. Brahmana su ne malamai da masu jagorancin ibada, kshatriya masu mulki da tsaro, vaishya manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, shudra kuwa masu yi wa sauran ukun hidima. Tushen rabon yana cikin littafin Rigveda, littafin Bhagavad Gita kuma ya danganta shi da hali da aikin mutum. A nan Prabhupada ya kafa hujjarsa. A cewarsa haihuwa ba ta sa mutum ya zama malami, kuma abin da Indiya ta mayar da tsarin, inda ɗa ke gadon matsayin ubansa, gurɓatawa ce.

Masu goyon baya ba mahaukata ba ne, kuma ya kamata a saurare su. Sun ga abin da ya faru bayan rasuwar malaminsu. An ɗora almajirai goma sha ɗaya a kan kujerar jagoranci, da yawansu suka faɗi cikin abin kunya, har aka rushe wancan tsari a 1987. Samarin da aka naɗa su masu barin duniya tun suna da ƙuruciya suka kasa riƙe alkawari. A makarantun kwana na ƙungiyar an ci zarafin yara, aka shigar da ƙara a Dallas a shekarar 2000, daga baya aka sasanta a kan dala miliyan tara da rabi. Masu son varnashrama suna cewa duk wannan ya faru ne domin an so mayar da kowa malami. Mutumin da Allah ya hore wa noma ko ƙira an tilasta masa rayuwar zuhudu, ga iyali babu sana'a, babu ƙasa, babu abin dogaro sai sayar da littattafai a filayen jirgin sama. A ba kowa aikin da ya dace da halinsa, in ji su, a koma gona, a kiwata shanu, a ciyar da kai. Akwai ma abin nunawa. Gonar Gita Nagari a jihar Pennsylvania tana nan tun shekarun 1970, kuma a Hangari an kafa wani ƙauye a 1993 inda ake huɗa da shanu, yara kuma na karatu a makarantar ƙauyen.

Na yarda da ciwon da suka gano. Maganin ne ban yarda da shi ba. Iyali na buƙatar sana'a, yaro na buƙatar kariya, shugaba na buƙatar wanda zai taka masa burki, amma babu ɗaya cikin waɗannan da sai an laƙaba wa wani sunan shudra kafin ya samu.

Tarihin ƙungiyar kansa yana gefen masu ƙi. ISKCON reshe ce ta tafarkin Chaitanya, wanda aka haifa a Bengal a 1486, kuma abin da ya jawo masa jama'a shi ne ya fitar da ambaton abin bautarsu Krishna kan titi, kowa ya shiga. Cikin manyan sahabbansa akwai Haridas Thakur, wanda ya taso a gidan Musulmi, mutumin da masu tsattsauran ra'ayin asali ba za su ci abinci da shi ba. Malamin Prabhupada, Bhaktisiddhanta Sarasvati, ya sha ƙiyayyar malaman gado domin yana rataya zaren brahmana a wuyan waɗanda ba 'ya'yan brahmana ba ne. Da wannan ƙofa a rufe take, da John Favors, baƙar fata ɗan Cleveland, bai zama Bhakti Tirtha Swami ba, wanda ya yi shekaru yana wa'azin ƙungiyar a Najeriya da Gana.

Za a ce ai wannan shi ne nufin, a raba bisa cancanta. To, an taɓa kawo wannan shawara a Indiya, kuma an ba ta amsa. A 1936 Dakta Ambedkar, wanda aka haifa cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, daga baya kuma ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin ƙasar, ya ƙalubalanci 'yan ƙungiyar Arya Samaj da ke kiran irin wannan gyara. Hujjarsa ita ce muddin aka riƙe tsofaffin sunayen, mutane za su ci gaba da jin su da tsohuwar ma'anarsu ta sama da ƙasa, kuma babu hukumar da za ta iya auna ɗan Adam ta jefa shi cikin ɗaya daga akwatuna huɗu ba tare da tilastawa ba. Kusan shekara casa'in ke nan, ban ga wanda ya warware wannan ba. Wa zai yi awon? Shugaban haikali, wanda ke buƙatar mai wanke tukwane? Idan mutum ya ƙi sakamakon, ina zai kai kuka? Ɗan wanda aka ce shudra ne, da wane ido malamin aji zai dube shi? Mu Hausawa mun san yadda sana'a ke rikiɗa ta zama gado, gado ya zama katanga, har a hana saurayi mata saboda kakansa mahauci ne ko wanzami, alhali babu littafin da ya yi umarni da hakan.

Mata ne suka fara ɗanɗana abin a aikace. A farkon ƙungiyar a Amurka suna jagorantar waƙar ibada, suna ba da karatu, daga baya aka riƙa mayar da su bayan sahu. A 2019 majalisar ƙoli ta ISKCON ta amince mace za ta iya ɗaukar almajirai, sai shugabannin reshen Indiya suka tayar da ƙura, kuma varnashrama na cikin hujjojin da masu adawa suka ɗaga. Ke nan tun ba a kafa tsarin ba an fara amfani da shi wajen faɗa wa wasu inda za su tsaya.

Akwai kuma wani sauyi da masu tattakin 1974 ba su hango ba. A yau yawancin masu cika haikalin ƙungiyar, a Indiya da ma Landan da New York, Indiyawa ne. A wurinsu waɗannan sunaye huɗu ba darasin littafi ba ne. Kundin tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar taɓa mutum, amma ƙidayar 2011 ta nuna mutum sama da miliyan 200 ne ke cikin rukunonin da aka yi wa wannan ƙyama, kuma sunan gidan mutum kan tona asalinsa kafin ya buɗe baki. Abin ya bi baƙi har ƙetare, shi ya sa birnin Seattle ya kafa dokar hana wariyar asali a 2023. Duk kwamitin da ya zauna tantance wanda zai zama brahmana a irin wannan taro, mutanen da suka san asalin juna ne za su zauna a cikinsa, kuma wanda kakanninsa suka yi ƙarnuka suna shara shi zai fi kowa fargabar abin da za su rubuta a gaban sunansa.