Ƙurar Sararin Samaniya Na Tona Asirin Tekun da Ba a Taɓa Gani Ba

A ganin ido, babu kome tsakanin duniyoyin da ke kewaya rana sai duhu. Amma masana kimiyya sun daɗe da tabbatar da cewa ƙura na yawo a wannan fili, ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da yawancinsu ba su kai kaurin gashin kai ba. Daga cikinsu ne ake samun labarin wuraren da ɗan Adam bai taɓa takawa ba.

Na'urar da ke awon ƙurar tana aiki ne da ƙarfin karo. Ana kafa wani faranti na ƙarfe a jikin kumbo. Idan ƙwayar ƙura ta afka masa da gudun kilomita masu yawa a daƙiƙa, sai ta tarwatse ta zama tururi mai ɗauke da lantarki. Daga yawan lantarkin da kuma saurin tashinsa ake lissafa nauyin ƙwayar da gudunta. Na'urorin baya-bayan nan kuwa har sinadaran da ke cikinta suke tantancewa.

Tawagar masu binciken ƙura ta cibiyar Max Planck da ke Heidelberg a Jamus, ƙarƙashin jagorancin masani Eberhard Grün, ta yi fice a wannan fage. Na'urarta ce aka ɗora wa kumbon Ulysses da aka harba a 1990. A 1993 masanan suka ba da sanarwar cewa ƙura daga tsakanin taurari na ratsa yankin rana da gudun kusan kilomita 26 a daƙiƙa. Haka kuma sun gano feshin ƙura daga wajen duniyar Mushtari, wato Jupita, wanda daga bisani aka danganta shi da duwatsu masu aman wuta na watanta mai suna Io.

Babbar nasarar ta zo ne da kumbon Cassini, wanda ya bar doron ƙasa a 1997, ya isa duniyar Zuhal a 2004. A 2005 ya gano cewa Enceladus, wani ƙaramin watan Zuhal mai faɗin kusan kilomita 500, yana fesar da ƙanƙara da tururi daga kudancinsa. Da aka auna ƙwayoyin ƙanƙarar, a 2009 aka sami gishiri a cikinsu, alamar cewa akwai teku a ƙarƙashin ɓawon ƙanƙarar. A 2015 aka gano burbushin sinadarin yashi, wanda ke nuna ruwa mai zafi na gamuwa da dutse a ƙasan tekun. Kumbon ya ƙare aikinsa a watan Satumba na 2017, amma bayanan da ya aiko sun ci gaba da amfani, domin a 2023 an tabbatar da sinadarin fosfaros, wanda duk wani abu mai rai ke bukata.

Wannan bai tabbatar da akwai rai a Enceladus ba, sai dai ya nuna kayan da rai ke bukata sun haɗu a can. Shi ya sa hukumar NASA ta Amurka ta ɗora irin wannan na'ura a kumbon Europa Clipper da ta harba a watan Oktoba na 2024, wanda ake sa ran zai isa Mushtari a 2030 domin ya auna ƙurar watan Europa, inda shi ma ake kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙara.