FASHIN BAƘI: Wa ke magana da yawun ma'aikatan haƙori a asibitocin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

A watan Janairun 2025 'yan bindiga suka kutsa Babban Asibitin Ƙanƙara, suka harbi wani likita suka jikkata shi, sannan suka yi awon gaba da wasu mutane. Garin bai gama mantawa da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati. Amma harin asibiti ya taso da wata tambaya daban, wadda ba a cika yi ba bayan jami'an tsaro sun fitar da sanarwa kuma 'yan jarida sun watse: idan gari ya waye, ma'aikacin da ke tsoron komawa bakin aiki, wa zai kai wa kukansa, kuma wa zai ɗauki kukan ya kai inda za a ji?

A tsarin ƙwadago, amsar ita ce wakilin ƙungiya na wurin aiki. Shi ne ma'aikacin da abokan aikinsa suka zaɓa ya tsaya tsakaninsu da shugabannin asibiti, ya kuma haɗa su da uwar ƙungiya da ke Katsina ko Abuja. Ga ma'aikatan lafiyar baki da haƙori, waɗanda su ne mafi ƙarancin yawa a kusan kowane asibiti, wannan kujera na iya zama abin da zai yanke hukunci kan ko ƙwararre zai zauna a karkara ko zai tattara nasa ya nasa ya koma birni.

Ɗaki ɗaya, ƙungiyoyi da yawa

Mai zuwa cire haƙori yakan kira duk wanda ya gani da farar riga “likita”. A takarda kuwa, ma'aikatan ɗakin haƙori rukuni-rukuni ne, kowa da hukumar da ta ba shi lasisi da ƙungiyar da ke kare shi.

Likitan haƙori, wanda ya yi digirin jami'a a fannin, yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori, wato MDCN. Yana da ƙungiyar sana'arsa, Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Najeriya, NDA, kuma yana cikin babbar Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya, NMA, tare da sauran likitoci. Idan yana neman ƙwarewa a asibitin koyarwa, irin na Tarayya da ke Katsina, ƙungiyar NARD ce ke riƙe da batunsa. Idan ya kai matakin babban ƙwararre, sai MDCAN. Wanda gwamnati ta ɗauka ta tura babban asibiti kuma, ƙungiyarsa ta kusa ita ce ta likitocin gwamnati, NAGGMDP.

Baya ga likita akwai jami'in kula da haƙora, mai wanke su da duba dasashi da wayar da kan jama'a, akwai mai ƙera haƙoran roba, akwai kuma mai taimaka wa likita a gefen kujera. Waɗannan suna da hukumomin rajista nasu daban, kuma a fagen ƙwadago suna tafiya ne da ƙungiyoyi irin su MHWUN ta ma'aikatan lafiya da NUAHP ta ƙwararrun fannonin lafiya, waɗanda ke ƙarƙashin gamayyar JOHESU.

Rabuwar ta kai har ga albashi. Likitoci na kan tsarin CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya na kan CONHESS. Saboda haka mutum biyu da ke sunkuyawa kan bakin majinyaci guda, jinin da ke fallatsa ya same su tare, suna iya kasancewa ɗaya na yajin aiki ɗaya na bakin aiki.

Abin da wakili ke yi a zahiri

Jama'a sun fi sanin ƙungiya a ranar da aka rufe asibiti. Amma mafi yawan aikin wakili ba ya fitowa a labarai, kuma ana yin sa ne ba tare da an cire masa ko awa ɗaya daga aikinsa na asibiti ba.

Na farko shi ne karɓar koke. Ƙarin girman da ya makale shekaru, alawus ɗin kwana a bakin aiki da ba a biya ba, sunan da ya ɓace daga jerin albashi bayan tantance ma'aikata, sauyin wurin aiki da ake zargin ramuwar gayya ce. Wakili nagari yakan fara da tattara takardu: takardar kama aiki, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, shaidar albashin wata-wata. Daga nan ya tunkari shugaban asibiti, idan abin ya gagara ya miƙa wa reshen jiha, wanda ke da ikon zama da hukumar kula da asibitoci ko ma'aikatar lafiya.

Na biyu shi ne tsayawa tare da wanda aka tuhuma. Idan aka ba ma'aikaci takardar neman ba'asi, wakili ne ke taimaka masa ya ba da amsa a kan lokaci, ya kuma tabbatar an saurare shi kafin a yanke hukunci. Wannan ba ya nufin rufa wa mai laifi asiri. Sakacin da ya cutar da majinyaci hurumin MDCN ne ko hukumar rajistar da abin ya shafa, kuma ƙungiya ba ta da ikon hana su bincike. Abin da wakili ke karewa shi ne a bi ƙa'ida.

Na uku shi ne lafiyar ma'aikaci. Aikin haƙori aiki ne na jini da yawu da allura, a tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba daga fuskar majinyaci. Idan babu safar hannu, ko wutar da za a tafasa kayan aiki ta ɗauke, ko ba a yi wa ma'aikaci rigakafin ciwon hanta ba, haɗarin na kansa ne da kuma na majinyacin da zai hau kujerar bayan wani. Wakili ne ke rubuta irin wannan giɓi ya sa kwanan wata, domin ranar da abu ya faru kada a ce ba a sani ba.

Na huɗu shi ne isar da saƙo ta fuska biyu: ya kawo wa mambobi matsayar uwar ƙungiya, ya kai wa uwar ƙungiya halin da ake ciki a ƙasa. Muhimmancin wannan ya fito fili a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A irin wannan yanayi, sanarwar da aka tura ta waya daga babban birni ba ta isa, sai dai a samu mutumin da zai ɗauki saƙo da ƙafarsa.

Me doka ta tanada?

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta. Tun 1960 Najeriya ta amince da yarjejeniyoyi na 87 da 98 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, masu kare 'yancin haɗuwa da na zaman ciniki da mai ba da aiki. Ƙungiyar ta duniya tana kuma da yarjejeniya ta 135 ta shekarar 1971, wadda ta keɓanta ga kare wakilan ma'aikata daga kora ko muzgunawa saboda aikin wakilci.

Sai dai akwai ramuka biyu da ya kamata a sani. Dokar Ƙwadago ta hana a kori ma'aikaci ko a cuce shi don yana harkar ƙungiya, amma ma'anar “ma'aikaci” a cikinta ta cire masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwarewa. Likitan haƙori na cikin waɗanda wannan togaciya ke shafa, don haka madogararsa ita ce kundin tsarin mulki, da dokokin aikin gwamnati, da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran kundi na 2010 ya ba ta ikon sauraron rikicin aiki da yin amfani da yarjejeniyoyin duniya da ƙasar ta amince da su.

Rami na biyu shi ne matsayin ƙungiyoyin likitoci kansu. NMA ƙungiyar sana'a ce, ba ta cikin ƙungiyoyin ƙwadago masu rajista irin MHWUN. A aikace gwamnatoci na zama da ita su sa hannu kan yarjejeniya, amma idan dangantaka ta yi tsami, wannan batu na rajista na cikin makaman da ake ɗagawa. Tarihi ma bai ɓoye ba: a 1985 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta haramta NMA da NARD bayan yajin aikin likitoci, aka kuma tsare wasu jagorori, ciki har da Dokta Beko Ransome-Kuti.

Abin da aka samo a Abuja ba ya sauka Ƙanƙara da kansa

Shekaru da dama alawus ɗin haɗarin aiki na ma'aikatan lafiya na Tarayya naira 5,000 ne a wata. A Disamban 2021 aka ƙara shi, bayan doguwar taƙaddama da ta haɗa da yajin aikin NARD na kimanin wata biyu a wannan shekara. Amma takardar umarnin Tarayya ta shafi ma'aikatan Tarayya ne. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi na gwamnatin jiha ne, cibiyoyin lafiya a matakin farko kuma suna da nasu tsarin. Kowane ƙari sai reshen jiha ya sake zama ya yi cinikinsa, kuma ko an amince, wakilin da ke cikin asibiti ne kaɗai zai iya dubawa ya ga ko kuɗin ya shiga asusun kowane mamba.

Haka batun tsaro yake. A watan Agustan 2024 NARD ta yi yajin gargaɗi na kwana bakwai a faɗin ƙasa saboda wata likita ta Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka sace tun Disamban 2023. Matsin lambar ya sa ƙasa ta san da batun, kuma an sako ta a ƙarshen Oktoban 2024. Wannan likita tana da reshe mai ƙarfi a babban birni. Mai taimaka wa likitan haƙori a wani lungu na Sabuwa ba shi da irin wannan amo, sai idan akwai wanda ya rubuta abin da ya same shi ya kai gaba. Buƙatun da wakili zai iya gabatarwa a nan ba manyan abubuwa ba ne: katanga da fitila, masu gadi da dare, gidan kwana mai aminci, jadawalin aikin da ba zai tilasta wa mutum bin hanyar daji bayan magariba ba, da tanadin abin da za a yi wa iyalin wanda aka sace ko aka kashe a bakin aiki.

Yajin aiki: inda wakili ke shiga tsaka mai wuya

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta sanya aikin lafiya cikin ayyukan da ba a yarda a dakatar da su gaba ɗaya ba, ta kuma haramta ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Dokar Sasanta Rikicin Ƙwadago ta shimfiɗa matakai kafin a kai ga ajiye aiki: tattaunawar cikin gida, mai shiga tsakani, kwamitin sulhu, sannan kotu. Sashe na 43 na wannan doka shi ne tushen “ba aiki, ba albashi” da gwamnatoci ke yawan barazana da shi.

Shugabannin ƙasa ne ke kiran yaji, amma wakilin reshe ne ke fuskantar jama'a. A gari irin Faskari, wanda za a ce wa ya koma gida da kumburarren muƙamuƙi maƙwabci ne ko suruki, kuma ba kowa ke da kuɗin motar Funtuwa ko Katsina ba, balle na asibitin kuɗi. Ciwon haƙori ma ba kullum ne ƙaramin abu ba: ƙurjin da ya taso daga saiwar haƙori na iya bazuwa zuwa wuya ya toshe numfashi. Wakilin da ya san aikinsa yakan zauna da shugaban asibiti tun kafin ranar, a fayyace wa zai duba masu larurar gaggawa da inda za a tura sauran.

Inda tsarin ke da rauni

Rauni na farko shi ne ƙarancin adadi. Inda ma'aikatan haƙori ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, da wuya ɗayansu ya ci zaɓen reshe, sai buƙatunsu, kamar gyaran kujerar aiki ko sayen allurar kashe zafi, su koma ƙarshen jeri. Na biyu shi ne tsohuwar gaba tsakanin NMA da JOHESU kan albashi da shugabancin asibitoci, wadda ke raba ma'aikatan ɗaki guda gida biyu alhali matsalar wuta da ruwa da tsaro ba ta bambanta su. Na uku shi ne sauyin wurin aiki, makamin da ba ya barin shaida: wakilin da ya cika magana ana iya mayar da shi wani asibiti da sunan buƙatar aiki. Na huɗu yana cikin gida. Kuɗin ƙungiya ana cire shi ne daga albashi kowane wata, kuma mambobi na da haƙƙin ganin lissafi da sanin ranar zaɓe. Reshen da ba ya kiran taro sai lokacin rabon muƙami ya zubar da hujjar da zai tsaya da ita gaban gwamnati.

Me ya shafi talaka?

Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya bayyana a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar. Kafin wannan hijira ta ƙetare akwai wata ta cikin gida, daga ƙauye zuwa babban birnin jiha, wadda ba ta buƙatar fasfo.

Wanda ke biyan kuɗin wannan hijira yakan zama yaro. Cutar noma, mai farawa da gyambon dasashi ta cinye kunci da leɓe, ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023 bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, ta ce tana iya kashe tara cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba. Idan an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki na tsayar da ita. Idan an makara, wanda ya rayu sai tiyata, irin wadda ake yi a asibitin yara masu noma da ke Sakkwato tun 1999.

Gano ta da wuri na buƙatar wani ya buɗe bakin yaron ya duba, a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ba a Sakkwato ba. Ko za a sami wannan mutum a bakin aiki ya danganta da albashinsa, da kayan aikinsa, da ko zai kwana lafiya. Waɗannan su ne batutuwan da ke cikin jakar wakilin ƙungiya duk lokacin da ya ƙwanƙwasa ƙofar shugaban asibiti.